Awa 700 Kafin Takarda: Yadda Ake Horar da Masu Ba da Shawara na Makaranta da na Asibiti

Sunan da muke kiran wannan sana'a da shi a Hausa shi ne tarko na farko. Muna cewa "mai ba da shawara", alhali abin da ake fara raba ɗalibin fannin da shi a zangon farko na digiri na biyu shi ne ɗabi'ar ba da shawara. Wanda ya taso a cikinmu, kafin mai kuka ya gama kawo kukansa, bakinsa ya cika da "yi haƙuri", "komai mai wucewa ne", "da ni ne kai da na yi kaza". A zaman makoki ko a zauren sulhu waɗannan kalmomi suna da gurbinsu. Amma a ɗakin da yarinya 'yar aji biyar na sakandare ta shigo ta tura ƙofa, ta yi minti uku tana murza bakin hijabinta ba ta ce uffan ba, su ne suke toshe maganar da ta kawo ta.

Ga yadda ake gyara wannan a aikace. Ɗalibi zai zauna da mai neman taimako, bayan an sami izini a rubuce, a naɗi zaman da murya ko bidiyo. Sai ya zaɓi kamar minti goma ya kwafe kalma da kalma, har da "to", da "uhm", da duk inda aka yi shiru, ya kai wa mai duba aikinsa, wanda ɗalibai suke kira sufabaiza. A ce yarinyar ta ce, "Malama, ni dai makarantar ce ta fita daga raina, tun da Baba ya..." sai ta yi shiru. Mai koyon aikin ta karɓe, "Haba, ke da kike da ƙoƙari, ai bai kamata ki karaya ba." A nan sufabaiza zai tsayar da faifan.

"Me ta ce kafin ta yi shiru?"

"Ta ce tun da Baba ya."

"Baba ya yi me?"

"Ban sani ba, Malam."

"To abin da ta zo faɗa miki ke nan, kika sallame ta da yabo."

Daga nan sai a koma kan ita mai koyon. Shirun ne ya yi mata nauyi, ko tsoron abin da zai biyo bayansa? Babu laccar da take yin wannan aiki, babu littafin da yake yin sa. Shi ya sa duk inda aka ɗauki sana'ar da muhimmanci, ba da yawan darussa ake auna horo ba, da awanni ake auna shi: awa nawa ka zauna da mutum, kuma wa ya saurari abin da ka yi.

Amurka ce ta fi ƙididdige wannan filla-filla, don haka tsarinta ya cancanci a duba shi ko da mutum ba shi da niyyar taka ƙafarsa can. Hukumar da ke tantance waɗannan kwasa-kwasai, CACREP, an kafa ta a 1981, kuma ba ta gwamnati ba ce. Tana buƙatar kiredit 60, wato darussa kusan ashirin masu kiredit uku-uku, shekara biyu zuwa uku ga wanda bai haɗa da wani aiki ba. A da na masu aikin makaranta 48 ne, daga baya aka ɗaga shi ya yi daidai da na asibiti. Darussan sun kasu gida takwas: ƙa'idojin sana'a da ladubbanta, bambancin al'adu, matakan girman ɗan'adam, zaɓin sana'a, dabarun zama da mutum ɗaya, aiki da rukuni, gwaje-gwajen auna hali da ƙwazo, sai bincike. Akwai wani ƙaramin sharaɗi da ba a cika lura da shi ba: shi kansa ɗalibin sai ya zauna a matsayin ɗan rukuni na aƙalla awa 10, ya ɗanɗana yadda buɗe ciki a gaban mutane yake kafin ya nemi wani ya buɗe masa nasa.

Aikin fili hawa biyu ne. Na farko zangon gwaji, awa 100, daga ciki 40 ido da ido da masu neman taimako. Na biyu horon sanin makamar aiki, awa 600, daga ciki 240 ido da ido. A duk tsawon wannan lokaci, kowane mako akwai awa ɗaya tare da sufabaiza, ɗalibi ɗaya ko biyu, da awa ɗaya da rabi na duba aiki a rukunin da bai wuce ɗalibai 12 ba. Wanda zai duba ɗalibi a wurin aiki sai yana da digiri na biyu da aƙalla shekara biyu yana aikin. Kuma ba a barin ɗalibi ya zauna da kowa sai ya yanki inshorar da za ta kare shi idan aka kai ƙara.

A takarda 600 ce take ba da tsoro, amma 240 ce take riƙe mutane. Raba 600 a zango biyu masu mako 15-15, ka sami awa 20 a mako, kuma kusan duk abin da ka yi a wurin yana shiga lissafi: rubuta rahoto, halartar taro, shirya darasi. Ita kuwa 240, awa 8 ce a mako, kuma rubutu ba ya shiga, taro ba ya shiga, jiran mutum ba ya shiga. Idan ka ba mutum goma lokaci uku ba su zo ba, ka tashi da bakwai. Wanda aka tura makaranta zai ga hutu da makon jarrabawa sun cinye masa makonni. Mai wayo yakan nemi a ba shi rukuni tun farko, domin awa ɗaya da mutum shida tana tsayawa ko da biyu sun ƙi zuwa. Wata ɓarakar ita ce sufabaizan wurin aiki da nasa aikin ya sha masa kai, ya mayar da awar mako ta zama gaisuwa a baranda da sa hannu a takarda. Ɗalibin zai cika awanni, amma kuskuren da ya fara da shi a mako na biyu yana nan a mako na talatin, ya ma ƙara kauri.

Abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne ana iya dakatar da ɗalibin da yake cin kowace jarrabawa da maki mai kyau. Malamai suna auna hali kamar yadda suke auna karatu: yana karɓar gyara ko yana kare kansa, yana riƙe sirri, yana cusa wa mutane ra'ayinsa, yana iya raba zumunci da aiki. Wanda aka ga rauni a wurinsa akan rubuta masa tsarin gyara mai wa'adi, wani lokaci har da sharaɗin shi ma ya je ya ga mai ba da shawara. In bai gyaru ba, a sallame shi. Da zafi, amma wanda zai zauna a gabansa gobe shi ake karewa.

Inda hanya ta rabu

Rassan biyu ba tushensu ɗaya ba. Na makaranta ya samo asali daga ofishin taimaka wa matasa zaɓin sana'a da Frank Parsons ya buɗe a Boston a 1908, ya kuma bunƙasa bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, Amurka ta firgita ta yi dokar 1958 da ta zuba kuɗi a horar da masu zaƙulo yara masu basirar kimiyya. Na asibiti ya sami gindin zama bayan dokar 1963 da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu, wadda ta karkatar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa daga manyan asibitocin kwantarwa zuwa cibiyoyin cikin unguwanni.

Mai aikin makaranta, makarantar gaba ɗaya ce a wuyansa. Yana shiga aji ya yi darasi kan cin zali ko tsara lokacin karatu, yana haɗa ƙananan rukunai, yana duba rajistar zuwa makaranta ya ga wa ya fara fashi, yana zama da yaro na ɗan gajeren lokaci, sau da yawa minti 15 zuwa 20. Ba ya yin jinya mai tsawo. Idan ya ga abin ya wuce nan, turawa yake yi, kuma sanin lokacin turawa rabin ƙwarewarsa ne. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka, ASCA, ta ce ɗalibai 250 ne ya kamata mutum ɗaya ya riƙe, kashi 80 cikin ɗari na lokacinsa kuma ya tafi a hidimar ɗalibai. A zahiri matsakaicin ƙasar ya haura 350. Takardar izininsa daga ma'aikatar ilimi ta jiha take fitowa.

Mai aikin asibiti kuwa mutum ɗaya ne a gabansa, minti 45 zuwa 50, mako bayan mako. Zai ɗauki cikakken tarihi a zaman farko, ya tantance matsalar bisa DSM, kundin rarraba cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda aka sabunta bugunsa na biyar a 2022, ya rubuta tsarin jinya mai manufofin da za a iya aunawa, ya kuma rubuta bayanin kowane zama, domin kamfanin inshora ba ya biya sai ya ga rubutu. Ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Kuma ba shi ne masanin halayyar ɗan'adam ba, wanda a can sai da digiri na uku yake samun lasisi.

Sirri ma ba iri ɗaya ba ne. Na asibiti yana riƙe sirrin baligi sai in rai yana cikin haɗari. Hukuncin Kotun Ƙolin Kalifoniya na 1976 a shari'ar Tarasoff shi ne ya kafa cewa idan majinyaci ya yi barazanar gaske ga wani, akwai nauyin kare wancan ɗin. Na makaranta kuwa da yara yake aiki, iyaye suna da haƙƙi, shugaban makaranta yana da tambaya, doka kuma ta wajabta masa kai rahoton duk zargin cin zarafin yaro. Shi ya sa ake koya masa ya faɗa wa yaro iyakar sirrin tun a minti na farko, kafin yaron ya buɗe baki, ba bayan ya gama zazzage cikinsa ba. Wanda ya bi reshen makaranta daga baya ya so komawa asibiti, galibi sai ya ƙara darussan tantance cuta da tsara jinya, ya sake wani horon fili. Ba a fafe gora ranar tafiya: zaɓin a shekarar farko ake yin sa.

Ga na asibiti, ranar karɓar digiri ba ranar 'yanci ba ce. Lasisin aiki shi kaɗai daga hukumar jiha yake fitowa, kowace jiha da nata. Bajiniya ce ta fara ba da shi a 1976, Kalifoniya ce ta ƙarshe a 2009. Har sunan ya bambanta: LPC a Teksas, LMHC a Fulorida, LPCC a Kalifoniya. Teksas tana neman ƙarin awa 3,000 a ƙarƙashin mai dubawa, 1,500 ido da ido, cikin aƙalla wata 18. Kalifoniya ma 3,000, cikin aƙalla mako 104. Sai jarrabawar ƙasa, NCE mai tambayoyi 200 ko NCMHCE wadda ake kawo labarin majinyaci a ce ka yanke mataki, gwargwadon wadda jihar ta zaɓa. Idan wurin aikinka ba shi da sufabaizan da jiha ta amince da shi, daga aljihunka za ka biya na waje. Idan kuma ka fara tara awanni kafin hukuma ta yi maka rajista, a jihohi da dama an yi ba a yi ba ne.

Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana da yake shirin zuwa da bizar ɗalibi ya yi wannan lissafi tun yana gida. Izinin aiki bayan kammala karatu wata 12 ne. Ƙarin wata 24 na masu kimiyya da fasaha ne, kuma galibin kwasa-kwasan ba da shawara ba sa cikinsu. Mako 52 sau awa 40 ya ba da 2,080. Ba su kai 3,000 ba, balle a zo ga sharaɗin wata 18 ko mako 104. Ma'ana, in ba a sami mai ɗaukar aiki da zai nema maka wata biza ba, za ka dawo da digiri babu lasisi. Digirin yana da amfani, amma a san abin da ake saye.

A gida

Tarihin fannin a Najeriya yakan fara da 1959, lokacin da sistocin Katolika na kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibansu 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. Ƙungiyar masu sana'ar, CASSON, ta kafu a 1976. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da su a makarantun gaba da firamare, tsarin 6-3-3-4 kuma ya ƙara buƙatarsu, tunda a ƙarshen ƙaramar sakandare ake raba yara zuwa kimiyya, fasaha ko kasuwanci. Sai a 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne a nan fannin ɗan tsangayar ilimi ne. Digiri na biyu da ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello, ko Bayero, ko Usmanu Danfodiyo, na ilimi ne, kuma wanda bai karanci ilimi a digirin farko ba yakan fara da babbar difloma. Makaranta yake fuskanta. Mai son zama da majinyata a irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, hanyar da aka fi sani ita ce digiri na biyu a reshen asibiti na ilimin halayyar ɗan'adam, irin wanda ake yi a Ibadan, Jos da Nsukka, kuma yawanci sai digirinka na farko a wannan fanni yake. Mutane da yawa sun gane wannan bayan sun biya kuɗin rajista.

Raunin horonmu ba a darussa yake ba. Ɗalibinmu zai zayyana maka ra'ayin manyan masana fannin, Carl Rogers da Aaron Beck, ba tare da ya duba takarda ba. Raunin yana ma'auni: kundin bincike yana cinye shekara ko fiye, aikin fili kuma a wurare da yawa 'yan makonni ne, malami ya leƙo sau ɗaya ko biyu ya duba littafin rajista. Mutum zai iya fita da digiri na biyu babu wanda ya taɓa sauraron zamansa ko ɗaya. Can wurin aiki kuma wata sabuwa: a ba shi cikakken jadawalin koyarwa kamar kowane malami, a ajiye masa tebur a ɗakin malamai inda mutum goma suke jin abin da ake faɗa, sannan a sa shi a kwamitin ladabtarwa. Wannan na ƙarshen shi ne yake kashe aikin. Yaron da ya ga ka tsaya ana yi wa abokinsa bulala da safe ba zai kawo maka sirrinsa da rana ba.

Sai harshe, wanda ba a cika koyar da shi ba. Da Turanci ake horo, da Hausa ake aiki. Kalmar "damuwa" ita kaɗai tana ɗaukar tunanin bashin mai kanti, tana kuma ɗaukar ciwon da yake hana mutum tashi daga shimfiɗa wata biyu. Mutanenmu ba su cika cewa "ina baƙin ciki" ba. Abin da za ka ji shi ne kaina yana zafi, jikina duk a mace, ƙirjina ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mini. Takardar auna ciwon damuwa da aka fi amfani da ita, PHQ-9, tambayoyi tara ce kan mako biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma daga 10 ake fara ɗaukar abin da muhimmanci. Idan kowane ma'aikaci yana fassara ta da ka yadda ta zo masa, makin ya tashi daga aiki. Tambaya ta tara, ta tunanin mutuwa ko cutar da kai, ita ce masu koyo suke tsallakewa don nauyin baki. Dole a yi atisayenta da Hausa a aji har ta daina nauyi: "Akwai lokacin da kake jin gara ma a ce ba ka raye?" In ya ce e, a bi da, "Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu? Ta wace hanya? Abin yana kusa da kai?" Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. A kuma tuna cewa sashe na 231 na kundin hukunta laifuka da Arewa ta daɗe tana aiki da shi ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi gum.

Yawancin waɗanda za su zo sun riga sun biya ta wurin malami ko mai ruƙiyya, wasu ma tare suke haɗawa. Jayayya kan aljanu ba aikin mai ba da shawara ba ne, kuma wanda ya fara ta ba zai sake ganin iyalin ba. Aikinsa ya san alamomin da ba sa jiran gobe: jin muryoyin da ba wanda yake ji, kwanaki ba barci tare da yawan surutu da ɓarnar kuɗi, ruɗewa bayan zazzaɓi ko haihuwa, faɗuwa da jijjiga, rawar jiki ga wanda ya yanke shan ƙwaya farat ɗaya. Na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da su.

Mai neman gurbi, a Zariya ne ko a Teksas, tambayoyinsa ga sashen jami'ar da ke koyar da fannin kaɗan ne, kuma ya fi kyau ya yi su ga ɗaliban shekarar ƙarshe maimakon ofishin shiga. Awa nawa kuka zauna da mutane ido da ido? Wa ya nemo muku wurin, ku ko sashe? An taɓa sauraron faifanku? Ɗalibai nawa malami ɗaya yake dubawa? Inda amsar ta yi rauni amma babu wani zaɓi, ana iya cike giɓin: a nemi ƙwararre a asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa ya yarda da zaman awa ɗaya a mako, a haɗa kai mutum uku ko huɗu ana sauraron faifan juna da izinin masu shi, a cire sunaye, a goge bayan an gama, kada kuma a tura ta WhatsApp.

Littafin awanni kuma a riƙe shi kamar takardar gida. Kowane layi da kwanan wata, wuri, irin aikin, ido da ido ne ko a'a, minti nawa, lamba a madadin sunan mutum, da sa hannun sufabaiza a ƙarshen kowane mako, ba ƙarshen zango ba. A ajiye kwafi biyu, a haɗa da manhajar kowane darasi da aka yi. Hukumomin lasisi sukan nemi waɗannan bayan shekaru, lokacin da sufabaizan ya yi ritaya ko ya koma wata jiha, sashen kuma ya canza sunayen darussansa.